Wasiƙa zuwa ga aminiyata ta ƙuruciya

Assalamu alaikum, aminiyata.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya ke da iyali, na zaɓi in rubuto miki ne saboda kin san halina da waya: da zarar ta yi ƙara gabana yake faɗuwa, abin da na shirya faɗa kuma ya watse. Wata huɗu ke nan da wata likitar ƙwaƙwalwa ta tabbatar mini cewa ina da otizim, ina da shekara 43 a duniya. A kafafen labarai galahanga ake ce masa, har a haɗa da kalmar cuta, amma sunan bai kwanta mini ba, domin duk wanda ya ji shi ƙaramin yaro yake hangowa wanda ba ya magana, ba mace mai aiki da 'ya'ya ba.

Na san za ki tambaya yadda aka yi shekara arba'in ba wanda ya lura, domin ni ma tambayar da na fara yi wa likitar ke nan. Ashe tun farko da 'ya'ya maza aka auna abin. A 1943 wani likita mai suna Leo Kanner ya yi bayanin yara 11 a Amurka, takwas maza ne, sannan a 1944 wani likitan, Hans Asperger, ya kawo labarin yara huɗu a Biyena, babban birnin Ostiriya, dukansu maza. An daɗe ana cewa a kan kowace mace ɗaya akwai maza huɗu, sai wani nazari na 2017 ya nuna cewa idan aka bincika jama'a da kyau lissafin ya fi kusa da uku, wato akwai mata da yawa da ake tsallakewa. Babu gwajin jini da ke nuna shi. Zama uku muka yi ana yi mini tambayoyi, aka kuma kira yayata ta ba da labarin yarintata, har ta tuna abubuwan da ni kaina na manta, irin yadda nake kuka idan aka canza mini wurin zama.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bayanin da likitar ta yi a kan ɓoye hali, domin a nan na ga rayuwata gaba ɗaya. Tun muna makaranta nake karantar mutane kamar yadda ake karatun jarrabawa. Dariyarki na kwaikwaya, kuma yau ne na fara gaya miki. Na koyi kallon tsakanin girar mutum domin ya ɗauka idonsa nake kallo, ina shirya hira a zuciyata tun kafin in fita, ina ƙirga lokacin da ya kamata in gyaɗa kai. Mutane suka yi ta yabona da natsuwa da kunya, ba su san cewa idan na koma gida nakan kulle kaina a ɗaki mai duhu, in kasa ko amsa sallama har washegari ba. Ƙarar fitilar ofis da ba wanda yake ji, ni tana shiga har cikin haƙorana. Sau biyu a baya aka ce mini ciwon damuwa ne, aka ba ni magani, kuma ba ƙarya aka yi ba, damuwar tana nan, sai dai ba wanda ya tono tushenta.

Ranar da na karɓi sakamakon na ji sanyi a raina, daga baya kuma baƙin ciki ya biyo, saboda yarinyar nan da aka yi ta kira mai girman kai da taurin kai, har ita ma ta yarda. Wasu da na gaya wa sun ce ai ban yi kama da masu shi ba, suna ganin yabo ne, alhali wahalar da na sha kafin in daina kama da su ita ce ta kusa kayar da ni.

Ba shi da maganin warkewa, ni ma ba shi nake nema ba. Yanzu ina sa abin toshe kunne a wurin hayaniya, na roƙi a riƙa ba ni umarnin aiki a rubuce, kuma idan na ji ƙarfina ya kusa ƙarewa ina yin sallama in tafi ba tare da ƙirƙiro ciwon kai ba.

Wannan ya kawo ni ga bashin da kike bina. Ranar taronki da na sulale ban yi miki sallama ba, da watannin da na yi shiru bayansa, wallahi ba fushi ba ne kuma ba raini ba ne. Hayaniyar ce ta fi ƙarfina, kunya kuma ta hana ni bayani saboda a lokacin ni ma ban san dalili ba. Ki yafe mini. Roƙona shi ne idan na ɓata miki ki faɗa mini kai tsaye, domin habaici da shaguɓe wuce ni suke yi, kuma idan za ki kira ki fara turo saƙo. In da hali ki ba ni amsa a rubuce, ki gaya mini abin da kika tuna game da ni a waɗancan shekarun, ko da wanda ba zai yi mini daɗi ba ne.

Ki gaida maigidan da yara.

Taki har kullum,
Aminiyarki