Ka sauka daga main tun kafin ya kayar da kai

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida, ya yara? Kwana biyu shiru, sai ga ƙaninka a Farm Centre yana gaya mini wai manhajar da kake kula da ita har yau daga reshen main kake janyo ta a Git, abin da ke adana sigogin manhaja. Haba Malam! Reshen da masu rubuta ta suke zuba sabon aiki kullum, shi ka ɗora wa mutane? Ka koma sigar da suka saki suka sa mata tag, wato alama mai lambar sigar.

Fara da git status. In akwai gyaran da ka yi da hannu, ka ajiye shi da git stash, in ba haka ba Git zai iya ƙin sauyawa. Sai git fetch --tags, sannan git tag --sort=-v:refname, sababbin su fito a sama. Mai rc ko beta a jiki ka tsallake ta ko da ita ce ta farko, ta gwaji ce. A ce v3.2.1 ka zaɓa: git switch -c aiki v3.2.1. Na fi son haka da checkout tsirara, don checkout zai bar ka a detached HEAD, wato duk commit (gyaran da ka adana a Git) ɗin da ka yi babu reshen da ke riƙe da shi. Switch sai daga Git 2.23 na 2019, kuma na san ka da riƙon tsohuwar kwamfuta kamar gadon kaka, to duba git --version.

Amma kafin ka buga switch ɗin, abin da ya fi damuna shi ne rumbun bayanai. Git fayiloli kawai yake mayarwa baya, ba ya taɓa bayanan. In main ya riga ya ƙara teburi ko ya canza wani, tsohuwar sigar ba ta san da zaman wannan ba, sai ta tsaya cak. Ka ɗauki kwafi da pg_dump ko mysqldump tukuna. Migration ɗin da za ka warware kuma, wato canjin da aka yi wa tsarin rumbun, ka warware shi tun kana kan main, domin fayilolinsa a can suke, da ka sauya sun ɓace.

Af, hunturu ya shigo Kano da ƙarfinsa, safiya sai da rigar sanyi. Bikin nan ma an ɗaga shi zuwa bayan Sallah, ba ka da uzuri ke nan.

Bayan ka sauya, ka yi git submodule update --init --recursive, ka sake girka dependencies, wato sauran manhajojin da take dogara da su. Kada ka buga git clean -fdx sai ka fara da -ndx ka ga jerin, yana share har .env, fayil ɗin saitunanka. Turo mini abin da git describe --tags ya nuna maka.

A gaida uwargida.

Naka,
daga Kabuga