Wasiƙa zuwa ga ɗana soja, kan babur ɗin da ya saya

Assalamu alaikum, Abba.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki. Mu nan gida lafiya lau. Innarka ta ce tun ranar da aka dawo da ku barikin Jaji daga Barno ta fara barci da idanu biyu a rufe.

Ƙanwarka ce ta nuna mini hotonka a wayarta, kana kan sabon Boxer, kana dariya, kanka ba ko hula. Allah ya sa albarka a abin hawa, guminka ne. Amma hoton nan ne ya zaunar da ni rubuta maka takarda, domin a waya sai ka yi ta "to Baba, to Baba", magana ta bi iska.

Akwai labarin da ban taɓa ba ka ba. Ina da aboki, tare muka shiga Dafo, makarantar horar da kuratan soja a Zariya, tare aka kai mu Laberiya aikin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma. Ruwan harsashin da muka gani a Monrobiya, shi ko ƙwarzane bai samu ba. Da muka dawo, sati uku bai cika ba ya karɓi fas, wato izinin zuwa gida, ya hau babur zai je ganin ɗan da aka haifa masa yana can. Ya fita bayan magariba. Tirela ta lalace a kan titi, ba fitila, sai ɗan ganyen da yaran mota suka zuba. Ni aka tura ɗauko shi. Duk jikinsa lafiya, kansa ne kawai ya bugu. Ledar da ya ɗaure a baya, da atamfa da sabulu da 'yan rigunan jariri, tana nan yadda ya ɗaure ta. Ni na miƙa wa matarsa, kuma har yau ban manta yadda ta riƙe ta ba.

Na daɗe ina tunanin abin da ya ci shi, don na san ciwon a jikina. Wanda ya dawo daga daji zuciyarsa ta bushe. Ya saba da cewa a hanya gudu ne tsira, tsayawa ce halaka, ga barcinsa bai koma daidai ba. Sai ya ga titin gari kamar wasan yara. Kai kuma ƙari a kan haka, cikin Maiduguri an hana babur tun 2011, ka daɗe hannunka bai shiga cunkoson manyan motoci ba.

Sai kuma kaki. Na san in ka zo shinge ɗaga maka hannu ake yi, jami'an kiyaye haɗurra ma ba sa tsayar da kai. Lokacin da aka tilasta sa hular kwano a farkon 2009, har ƙwarya wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifawa a ka don kauce wa tara, mutane suna dariya. Kai ba mai cin tararka, shi ya sa na fi ji maka tsoro a kansu. Kwalta ba ta san igiya a kafaɗa ba. Yaya mutumin da ba ya fita sintiri sai da hular ƙarfe da rigar sulke zai hau titin Kaduna zuwa Zariya da kai tsirara? Ka sayi hular kwano mai kyau wadda ta rufe haɓa, ka ɗaure igiyarta. Wadda aka rataye a hannun babur, ko aka ɗora ba ɗauri, ita ke fara tashi kafin mai ita ya kai ƙasa.

Ka yi lissafi irin na aikinku: in kana gudun kilomita 80 a awa, kowace daƙiƙa kana cin mita 22. Kafin idonka ya gane akuya ce ko rami, kafin ƙafa ta kai birki, ka isa wurin. Da dare ko cikin hazo, fitilar babur ba ta ba ka wannan tazarar. Yadda kake kwance bindigarka ka goge, haka za ka riƙa duba birki da taya da sarƙa.

Kada ka ce mini in kwana ya ƙare ya ƙare. Gaskiya ne, amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka dogara ga Allah. Kuma ba kowa ke mutuwa ba. In ka zo Kano zan kai ka asibitin ƙashi na Dala dubiya, ka ga samari tsararka da ƙarfe a ƙafa, wata da watanni a kwance.

Matarka kuma, kada ka ɗauke ta da goyo a baya da yaro a kan tanki. In ta hau, ta tattare hijabinta da zaninta, taya na jan su. Abokin da kuka tashi daga mami, kasuwar bariki, ka ji warin abin da ya sha, kada ka hau bayansa, ko da ya girme ka a aiki.

Batun Sallah, na ji kana cewa a kan babur za ka zo. Ban yarda ba. Daga Jaji zuwa nan kusan kilomita 200 ne, kuma na san daga gadin dare za ka sauka ka kamo hanya. Ka yi barci, ka shiga motar haya da safe. Wajen komawa ma in lokaci ya ƙure, ka kira na gaba da kai ka faɗa masa. Gara ka makara a ba ka horo, na sha shi a zamanina, kwana biyu ne ya wuce.

Na ba direban da ya kawo maka takardar nan kuɗin hula biyu, taka da ta matarka. In ka saya ka turo wa ƙanwarka hoto, innarka na son gani. Ka shafa mini kan mai sunana.

Allah ya tsare, ya yi maka albarka.

Mahaifinka.