Yaya, ga gaskiyar kayan da nake ɗauka

Beaune, Faransa
Ƙarshen watan Nuwamba

Assalamu alaikum, Yaya.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya ƙafar Inna? Ka gaishe ta da kyau, da Kawu da su Gwaggo. Mu nan sanyi ya sauko, da asuba sai na ɗumama ruwa kafin in iya alwala.

Sau biyu kana tambayata a waya wane irin kaya nake ɗauka a wurin aiki, ina ce maka kayan gona. Ban yi ƙarya ba, amma na rage. Giya ce, Yaya, giyar inabi. Bakina ya kasa faɗa maka, shi ya sa na ɗauki biro. Wallahi ko ɗigo bai taɓa shiga cikina ba.

Tsinkar inabi ta kawo ni yankin nan na Burgonye a watan Satumba. Da aka gama, wani ɗan kasuwa ya riƙe ni a rumbunsa na ƙarƙashin ƙasa, ina mirgina ganguna, ina jera kwalabe, ina wanke daɓe. Garin ƙarami ne, su suna kiransa Bon, kuma kusan kowane gida cinsa da shansa daga inabi yake fitowa.

A tsakiyar garin akwai wani tsohon asibiti mai rufin fale-fale masu launi, wanda wazirin mai mulkin Burgonye na wancan zamani mai suna Nicolas Rolin da matarsa suka gina wa talakawa a 1443. Shekara da shekaru masu hali suna bar masa gonakin inabi sadaka, har suka kai wajen hekta 60. Tun 1859 ake gwanjon giyar gonakin nan, yanzu kowace Lahadi ta uku ta Nuwamba, kuɗin ya tafi ga asibiti. Ka ji inda kaina ya ɗaure: giya ce ke sayen gadon marar lafiya.

Na bana da idona na gani. Mun kai kaya kusa da rumfar kasuwar da ake yi, na tsaya cikin jama'a a waje muna kallo ta babban allo. Ganga-ganga ake sayarwa, kowace lita 228, kusan kwalba 300 ke nan. Ba irin cinikinmu na kara ba ne, inda dillali zai ja ka gefe, mai saniya ya ce albarka, a yi ta kai da komo kafin ya sallama. Nan mutum ɗaya ne a tsaye da 'yar guduma, wannan ya ɗaga hannu, wancan ya gyaɗa kai, wasu na kan waya da masu kuɗin Amurka da na Sin. Guduma na sauka, magana ta ƙare. Wani tsoho da muke aiki tare ya ce da can kyandir ake kunnawa, wanda tayinsa ya zo ƙarshe kafin wutar ta mutu shi ya saya. Akwai ganga guda da ake warewa don wata sadaka ta daban. Ta 2022 yuro 810,000 aka saye ta. Na buga a waya, ya haura sefa miliyan 530. Ganga ɗaya, Yaya, irin wadda nake turawa da gwiwa.

Kuma giyar da ake gwanjon nan sabuwa ce, wata biyu da matsewa. Wanda ya saya ba ya tafiya da ita, sai ya damƙa wa irin maigidana ya rene ta shekara ɗaya ko fiye kafin a ɗura a kwalba. Daga nan sai jira. Mu muna cewa da tsohuwar zuma ake magani, su a giya suka ɗauki maganar. Kwalaben a kwance ake ajiye su don kada toshiyar bakin ta bushe iska ta shiga, cikin duhu, sanyin ɗakin kusan digiri 12, rani da damina. Wasu masu sayen ba su da niyyar buɗewa ko kaɗan. Ajiya ce, kamar yadda Bafillace ke tara shanu ko mace ke sayen zinariya.

Arewa da mu kaɗan akwai wata gona, Romanée-Conti, da gicciyen dutse a bakinta. Ba ta cika hekta biyu ba, gonar Baba ta bakin fadama ta fi ta. A 1945 kwalba 600 kawai ta bayar, kuma a 2018 aka yi gwanjon ɗaya daga ciki a Nuyok kan dala 558,000. Ranar da muka wuce ta a mota na ga baƙi suna ɗaukar hoton katangarta.

Ɗanɗanon kuwa sai ka gani. Maza da mata masu furfura su kewaye ganga, a zuƙo musu kaɗan da wani dogon bututun gilashi. Mutum ya ɗaga kofi ya duba launi, ya jujjuya, ya cusa hanci ya rufe ido, ya kurɓa ya yi ta kurkure baki da ƙara, sa'an nan ya tofar a bokiti. Wani ya ce yana jin ƙanshin ganyen da ya ruɓe a daji, wata ta ce fata, wani ya ce jiƙaƙƙiyar ƙasa, duk kuma yabo ne. Ni abin da hancina ke ji tsami ne kamar kunun da ya kwana. Wanda ke zubar da bokitin nan, ƙaninka ne.

Sati na biyu da fara aiki na kusa korar kaina. Na ga wasu tsofaffin kwalabe a lungu, ƙura da fumfuna sun rufe su, na ce bari in nuna ƙwazo. Na jiƙa tsumma na goge uku tas, takardar jikin ɗaya ta saɓule a hannuna. Maigida ya shigo, ya dafe kai, fuskarsa ta yi ja kamar gauta. Ashe takardar nan da dattin nan su ne shaida. Mai saye yana duba takarda, ya duba toshiya, ya haska kwalba ya ga inda ruwan ya tsaya a wuyanta, don wadda ta ragu da yawa iska ta shige ta. Rashin sani ya fi dare duhu. Ya zaftare mini kuɗin kwana uku, na yi shiru.

Daga baya tsohon nan ya faɗa mini dalilin tsoronsu. Wani ɗan Indonesiya, Rudy Kurniawan, ya shekara da shekaru a Amurka yana haɗa giya a gidansa, yana liƙa takardun bogi, attajirai suna rububi. A 2008 aka fito da wasu kwalabe gwanjo da sunan gidan Ponsot na nan yankin, masu shekarun tun daga 1945, alhali gidan bai fara yin irin wannan giyar ba sai 1982. Mai gidan da kansa ya hau jirgi ya je ya sa aka janye su. An kama Rudy a 2012, aka ɗaure shi shekara 10. Duk shinshine-shinshinen nan, da yawansu ba su gane ba.

To, Yaya, ga abin da ke hana ni barci. Ka tuna hadisin da Malam ya karantar da mu a zaure, na mutum goma game da giya, har da mai ɗaukarta. Kullum na sa kafaɗa a akwati sai ya faɗo mini. Kuɗin kwanon da aka rufa ɗakin Inna daga nan suka fito. Ina roƙonka ka je wurin Malam kai kaɗai, bayan isha'i, ka karanta masa wasiƙar nan, ka tambaye shi hukuncin abin da na riga na aiko da wanda ke hannuna. Duk abin da ya ce ka faɗa mini yadda ya faɗa, kada ka sassauta don ni.

Na yi magana da wani ɗan Maraɗi da ke aikin gini a Dijon, wani birni kusa da nan, ya ce mai yiwuwa su ɗauki mutane bayan sabuwar shekara. Kuɗin bai kai na nan ba, don haka aiken watan Janairu zai ragu, ka shirya. Inna kuwa kada ta ji tukuna, ni zan faɗa mata da bakina in na canza wuri.

Ka aiko mini da kilishi da yaji in an sami mai tahowa.

Naka,
ƙaninka