Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugabar NAFDAC: Me Ke Cikin Robar Man Haɗi?

Farfesa Mojisola Adeyeye, ranki ya daɗe, barka da ƙoƙari.

A 2023 kin ce bilicin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya. Mun ji, mun yaba. To amma ba kowace mace da fatarta ta lalace ce ke neman fari ba. Ni mai kemis ce, kuma mafi yawan masu zuwa mini da wuya ya yi jajir, fatar ido ta kumbura, ƙaiƙayi ya hana barci, man gyaran jiki kawai suka saya.

Tambayata ta farko ita ce: me kika shafa? Sai ta zaro wata farar roba daga jaka, ba suna, ba lamba, ba jerin sinadarai. "Haɗi ne," in ji ta. Wa ya haɗa? Wata a WhatsApp.

Kin fi ni sanin cewa duk man da ke da ruwa a ciki sai an sa masa sinadarin hana ruɓewa, kuma a nan ɓarnar take. Ɗauki wanda ake taƙaita sunansa da MI. Likitocin fata a Amurka sun ba shi kambun sinadarin tayar da ƙaiƙayi na shekarar 2013. Tarayyar Turai ta hana sa shi a man da ake bari a jiki tun 2017, a sabulun ruwa da shamfu kuma ta rage shi zuwa kashi 15 cikin miliyan. Jiki in ya ƙi shi, ya ƙi ke nan har abada. Maganin kawai a guje masa. To ta yaya mace za ta guji abin da ba a rubuta ba? Ko da likita ya liƙa mata gwaji a gadon baya na awa 48 ya gano sunan, da me za ta gwada robar? Da hanci?

Dokokin hukumarki sun wajabta rubuta sinadarai a jikin kayan kwalliya. Ina roƙonki, a shiga kasuwanni da shagunan gyaran amare da wannan doka a hannu, kamar yadda ake shiga don jabun magani. Robar da ba ta da suna a ɗauke ta. Masu haɗawa kuma a koya musu, don da yawansu su ma ba su san abin da suke zubawa ba.

Akwai batun kuloheksidin na wanke rauni, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2017 cewa, ko da yake da wuya, yakan tayar da borin jini mai toshe numfashi. Akwai baƙin dayis na lalle. Waɗannan sai wani jiƙon.

Yanzu dai a fara da farar robar, kafin bukukuwan bayan Sallah.

Wata mai kemis, Kano.