Gansakukar Tafkin Chadi ta cancanci a kai ta ɗakin bincike

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili a jaridarku don jan hankalin jami'o'inmu kan ƙananan gansakuka, waɗanda sai da maikiroskof ake ganin ƙwayarsu. Kusan rabin iskar oksijin da ake samarwa a duniya kowace shekara daga gare su take fitowa. Hatta hazon hunturu yana da alaƙa da su: kaso mai yawa na ƙurar daga kwarin Bodele na Chadi yake tasowa, inda ɓawon gansakukar da ta mutu a tsohon tafki ya zama farar ƙasa.

An daɗe ana zuba kuɗi don tatso man mota daga gansakuka, amma tsadar girbi da busarwa ta hana abin tsayuwa, har kamfanin ExxonMobil ya janye hannunsa. Yanzu hankalin masu bincike ya fi karkata ga abincin mutum da na kifi, da tace ruwan ƙazanta, da sa ido kan gansakuka masu dafi.

A nan ne muke da abin faɗa. Matan Kanembu a yankin Kanem na Chadi sun daɗe suna kwasar spirulina, wata koriyar gansakuka da ake ci, daga tafkunan kanwa irin su Kossorom. Sukan zuba ta a rami cikin yashi, ruwa ya tsiyaye, rana ta busar, su yanka ta gutsi-gutsi su kai kasuwa da sunan dihe, ana miya da ita. Masanin tsirrai Jean Leonard ɗan Beljiyam ya gan ta a kasuwar Fort-Lamy, wato Injamena ta yau, a shekarun 1960. Busasshiyarta tana ɗauke da furotin kashi 55 zuwa 70 cikin ɗari.

Nomanta ba ya son ganganci. Zurfin ruwan kududdufi kada ya wuce santimita 30, kuma a riƙa motsa shi don kowace ƙwaya ta samu haske. Ma'aunin pH, wanda ke nuna tsami ko kanwar ruwa, ya tsaya tsakanin 9.5 da 10.5. Haɗin Zarrouk na 1966, wato haɗin sinadaran da ake renon spirulina a ciki, yana buƙatar giram 16.8 na bakabonet, wato bekin soda, a kowace lita, kuma wannan shi ne ke cin kuɗi. Spirulina tana son zafi wajen digiri 35, amma in ya haura 40, kamar yadda kan faru a Afrilu, sai ta ƙone, don haka dole a yi mata rumfa. Ruwan sama yana sirka kududdufi, pH ya sauka, wasu gansakukan su mamaye. Idan koren ya koma rawaya, galibi naitirojin ne ya ƙare. Wanda kuma ya antaya takin yuriya lokaci guda, amoniyar da takin ke fitarwa za ta kashe masa komai, sai dai a riƙa sawa kaɗan-kaɗan. A girbe da sassafe da ƙyalle mai ƙananan ƙofofi, a matse, a shanya siriri a inuwa mai iska, domin ɗanyarta tana lalacewa cikin sa'o'i.

Abin da ya fi damunmu shi ne dafi. Ba kowane koren ruwa ne spirulina ba. Akwai wata gansakuka, Microcystis, mai fitar da guba mai lalata hanta, tana bunƙasa inda taki da najasa ke gangarawa dam, kuma tafasa ruwa ba ya kawar da gubar. A 1996 gubar ta kashe marasa lafiya fiye da 50 da ake yi wa wankin ƙoda a garin Karuwaru na Brazil. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar maikirogiram 1 na gubar a litar ruwan sha.

Muna kira ga Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri da ta kifin ruwan daɗi da ke New Bussa su auna ko kanwarmu za ta maye gurbin bakabonet, bayan an gwada ta don dalma da sauran ƙarafa masu cutarwa. Hukumomin ruwa na jihohi kuma su riƙa ɗiban samfuri daga madatsun ruwan sha duk wata, musamman a bazara.

Wassalam.

Wasu masu nazarin halittun ruwa