Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Kwamishinar Harkokin Mata da Yara ta Jihar Kano

Assalamu alaikum, ranki ya daɗe.

Ni malamar firamare ce, duk Asabar nakan leƙa wani gidan marayu in yi wa yara bitar karatu. Abin da idona ya gani a can ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Batun ciki, alhamdulillahi, Kanawa ba sa barin maraya da yunwa. Azumi na kamawa sai buhunan shinkafa da turamen atamfa su yi ta shigowa. A jera yara, a ɗauki hoto, a sa a Facebook, mota ta tashi. Allah Ya ba da lada, amma ni hoton nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Yaron da aka nuna wa duniya fuskarsa yau, gobe da ita za a yi masa gori a makaranta.

Hajiya, yaran nan fa ba abin tausayi kaɗai ba ne. Akwai wata 'yar shekara 12 da ta san jaririn da ba ya barci sai a goye, ta san wanda ke firgita idan aka ɗauke wuta, tun kafin ya fasa kuka ta isa kansa. Wani yaro kuwa, ba shi matacciyar tocila ki koma gefe. Juriya da basira suna nan. Abin da ke karya su shi ne rabuwa: yaro ya shaƙu da mai raino har yana ce mata Umma, rana tsaka a sauya mata wurin aiki. Na ga wanda ya yi sati ba ya magana, ya koma fitsarin kwance, aka ce taurin kai ne.

Masana sun daɗe da gano wannan. A binciken da aka fara a Bukares ta ƙasar Romaniya a 2000, an bibiyi yara 136 na gidajen marayu, aka mayar da rabinsu hannun iyalai. Waɗanda suka samu riƙo kafin su cika shekara biyu sun fi waɗanda suka samu riƙo daga baya kaifin fahimta da shaƙuwa da masu riƙonsu. Ruwanda ma tun 2012 ta kama hanyar mayar da yara cikin dangi.

Mu da muka gaji riƙo, wa zai koya mana wannan? Gwaggo ko kawu da ke son ɗauka amma ba hali, a tallafa musu, jami'an walwala su riƙa kai ziyara. Waɗanda dole su zauna a gidan, a bar wa kowane rukuni uwa ɗaya tsayayya, a horar da ita, a biya ta a kan lokaci. Tunda jiha ta samu dokar kare yara a 2023, a yi amfani da ita a hana yaɗa fuskokinsu.

Ina roƙon wata Asabar ki shigo ba 'yan jarida, ki zauna a tabarma ki ji ta bakinsu.

Wassalam,
Wata malamar firamare, Kano.