Kafin a biya kuɗin abincin hutu a dunƙule, a ɗauki biro da takarda

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ku ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ya shafi sana'ata, wanda nake ganin yana cin kuɗin mutanenmu ba gaira ba dalili. Aikina shirya wa mutane tafiya ne a nan Kaduna: tikitin jirgi, masauki, Umara da hutun iyali. Da zarar dogon hutun makaranta ya gabato, ko na ƙarshen shekara, sai tallace-tallace su cika mana waya, a kai yara Dubai, a kai su Faransa, a kai su Amurka su ga manyan filayen wasan nan, kuma wai har da abinci an biya tun daga gida. A kan abincin nan nake so in tsaya.

Na san wani zai ce ana ta kuɗin buhun shinkafa, wa yake ta Amurka? Da gaskiyarsa. Amma ba duk mai zama a gaban teburina ne attajiri ba. Akwai ma'aikaciyar da ta daɗe tana zubin adashi don ta halarci bikin kammala karatun ɗanta, ta ce tunda za a je ɗin bari ƙannensa su buɗe ido. Akwai wanda yayansa da ke can ne ya ɗauki nauyin jirgi, shi kuma aka bar masa ci da sha. A wurin irin waɗannan, dala 300 da ta tafi a iska ciwo ce da za a daɗe ana jinya.

Bari in ɗauki tsarin da aka fi tambayata a kai, wato na Walt Disney World da ke kusa da birnin Orlando a jihar Florida. Sun dakatar da tsarin abincinsu a 2020 saboda annobar korona, suka dawo da shi a watan Janairun 2024. Iri biyu suka dawo da su. Ƙaramin yana ba kowane mutum abinci sau biyu a wuraren da ake bin layi a karɓa, da abin taɓawa guda ɗaya, a kan kowane dare da aka kwana. Babban kuma yana ba da abinci ɗaya na bin layi, ɗaya na gidan abincin da ake zama a kawo maka, da abin taɓawa ɗaya. Duka biyun ana haɗa wa mutum da kofi wanda zai riƙa cikawa da lemo ko shayi ba tare da ƙarin kuɗi ba, amma a otal kaɗai, ba a cikin filin wasan ba. A farashin 2025, ƙaramin ya kai wajen dala 59 ga babba a kowane dare, babban kuma wajen dala 98. Na yara ya yi ƙasa sosai, wajen dala 25 da dala 31.

Akwai sharuɗɗan da mai talla ba ya saurin faɗa. Sai wanda ya sauka a otal ɗin kamfanin ne zai iya saya. Ba a saya wa wasu a bar wasu: duk wanda ke ɗakin daga shekara 3 zuwa sama sai an biya masa, kuma na dukkan dararen. Abin da ba a ci ba ya ƙone da tsakar daren ranar da aka bar otal, ba a mayar da ko sisi. Sannan yaro a wurinsu shi ne ɗan shekara 3 zuwa 9. Ranar da ya cika 10, kuɗin babansa za a biya masa.

Kwanakin baya wani Alhaji ya zo min da iyali biyar: shi, da uwargida, da yara masu shekara 12 da 10 da 6. Ya riga ya yanke shawara babban tsarin yake so, domin a cewarsa ba ya son ya riƙa zaro kati a gaban yara kowane lokaci. Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri mu buga tukuna." Na juya masa na'urar lissafi ya danna da hannunsa. Manya huɗu, tunda na 12 da ta 10 sun shiga sahun manya, da yaro ɗaya: dala 423 a dare. Dare shida, sama da dala 2,500. Idan aka saka dala a kan Naira 1,500, an tasam ma Naira miliyan 3.8 ke nan. Ya cire tabarau ya goge, ya sake dannawa. Sai na tambaye shi, yarinyar nan 'yar shekara 10, me take ci a gida? Uwargida ce ta amsa, ta ce da ƙyar take gama rabin faranti, kuma in ba dankali da taliya ba sai an yi rigima. To wannan yarinyar za a biya wa dala 98 kullum.

Kuma ko bayan wannan ba a gama zaro kati ba. Tukuicin masu kawo abinci ba ya cikin tsarin, a Amurka kuwa tukuicin nan tamkar wajibi ne, kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin abin da aka ci. Idan teburi ya kai mutum shida, da kansu suke ɗora kashi 18 a kan takardar, kuma iyalanmu ba wuya sun kai shida. Wasu manyan gidajen abincin ma, irin wanda ke cikin fadar nan ta filin wasan Magic Kingdom da kowace yarinya take son shiga, kason ci biyu, wato ci biyu daga cikin waɗanda aka biya, suke cirewa a zama ɗaya.

Amma babban abin da ya sa nake cewa tsarin bai dace da yawancinmu ba shi ne, da wani irin mai ci aka auna shi, kuma ba mu ba ne. Duk wanda ya kai shekara 21, an yarda ya zaɓi giya a matsayin abin shan da ke tare da kowane abinci, kuma kofi ɗaya nata ya ninka kuɗin lemo. Ta nan ne Ba'amurke yake fanshe kuɗinsa. Mu kuwa ba ma sha, amma farashin ɗaya ne, ba a rage mana komai. A duba ƙaramin tsarin: farantin babba a wuraren bin layi yakan kama dala 15 ko kusa da haka, lemo dala 4 zuwa 5, askirim ko gugguru dala 6 ko makamancin haka. Faranti biyu, lemo biyu, abin taɓawa ɗaya, da wuya a wuce dala 47. An biya 59. Ko an lissafa kofin nan na otal, giɓin bai cike ba.

Sai maganar nama. Hanya ta biyu da mutum ke cin ribar tsarin ita ce ya riƙa zaɓar abinci mafi tsada a kowane zama, wanda galibi nama ne. Mutanenmu da yawa, musamman mata da dattawa, ba sa sakin jiki da naman da ba su san yankansa ba, balle wurin da ake dafa na alade a gefe. Sai su koma kan kifi, da taliya, da abincin ganye wanda ake yi wa alamar ɗan ganye a jikin jerin abinci. Wannan ya warware matsalar ciki, amma su ne mafi araha a jerin, an kuwa biya kuɗin mafi tsada. A Dubai da Abu Dhabi wannan damuwar ta ragu ƙwarai, shi ya sa nake duba tayinsu da ido daban. A Disneyland ta Faransa kuwa, inda ake sayar da tsarin ci biyu ko ci uku a rana, tambayar nama tana nan daram.

Akwai kuma abin da ba a gani a takarda, wato yadda tsarin ke ɗaure wa mutum rana. Gidajen abincin zama ana fara kama wuri a cikinsu tun kwana 60 kafin zuwa, kuma wanda bai je ba bai soke a kan lokaci ba, akan cire masa dala 10 a kan kowane mutum. Dogon hutunmu yana faɗawa ne a watan Agusta, lokacin da Florida ke tsananin zafi da gumi, ga ruwan sama da tsawa kusan kowace yamma. Yaron da ya yini yana tafiya a wannan rana ruwa yake nema da kankana, ba ya ko kallon tulin abinci. Ga azahar da la'asar da za a nemi inda za a yi. Ga layin lilon da aka daɗe a ciki, sai an kusa kaiwa gaba uba ya duba agogo ya ce a fito, lokacin cin abinci ya yi, domin an riga an biya. Kwanakin farko ma barci ne ke kwashe yara tun magariba saboda bambancin awa biyar ko shida da ke tsakaninmu da su. A ƙarshe kason ci ya taru, ranar tafiya a shiga kanti a kwashi alewa da biskit don kada a yi asara.

Ba na cewa ba wanda tsarin ke yi wa rana. Mai yara ƙanana da yawa tsakanin shekara 3 da 9, wanda kuma ya ƙudurta kullum sai sun ci a wuraren ɗebi-da-kanka inda masu shigar 'yan katun ke zagayawa suna gaisawa da yara, wannan zai iya fita da riba, domin kuɗin yaro a irin waɗannan wurare shi kaɗai yakan kai kuɗin tsarinsa na yini ko ya wuce. Kamfanin ma ya sanar cewa a 2026 yara masu waɗannan shekaru za su samu tsarin kyauta idan an saya wa manya, kuma wannan yana iya juya lissafin wasu gidaje. A buga a gani. Hujjar da na fi girmamawa ita ce ta masu tsoron Naira. Duk wanda ya ga yadda dala ta tashi daga ƙasa da Naira 500 a hukumance kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, ba za a ga laifinsa ba idan ya ce gara ya biya yau ya huta. Sai dai maganin wannan shi ne a sayi dalar a ajiye a asusun kuɗin waje, a ware ta da sunan abinci. An tsira daga faɗuwar Naira, kuma abin da ya rage ya dawo gida tare da mai shi.

Abin da nake gaya wa masu zuwa wurina mai sauƙi ne. Disney ta yarda a shiga da abinci daga waje, in dai ba a cikin kwalba ba kuma ba mai buƙatar ɗumamawa ba. Ruwan sanyi a kofi kyauta ne a wuraren bin layi idan an tambaya. Orlando na da Musulmi da masallatai da shagunan naman halal. A yi karin kumallo a ɗaki da burodi da shayi da ayaba, a sa ƙunshi a jaka, a sayi faranti biyu uku a raba da rana tunda zubinsu da yawa, a ware rana ɗaya ko biyu a shiga babban gidan abinci don yara su ji daɗi. Sai dai kada kowa ya yi gangancin ɗaukar kilishi ko dambun nama daga Kaduna, domin jami'an kwastan na Amurka ba sa barin nama ya shiga, kuma wanda ya ɓoye bai bayyana ba yana iya shan tara.

Wannan lissafin ne dai nake so masu zuwa Umara su yi, don a nan abin ya fi shafar jama'a. Na sha ganin an biya masauki da ci uku a rana a Makka, amma Hajiya ta fita tun kafin la'asar don ta samu wuri a Harami, ba za ta dawo ba sai bayan isha'i, ta tarar an kwashe kwanuka. Ko kuma bayan kwana kaɗan baki ya gaji da shinkafar Larabawa, a bi unguwa ana neman masu tuwo da miyar kuka, a sake biyan wani kuɗin. Ga tsoho ko marar lafiya da ba ya iya yawo, ci a otal rahama ce, kuma a watan azumi sahur a masauki yana da amfani. Mai ƙarfi a jika kuwa, karin kumallo kaɗai ya ishe shi.

Ga 'yan'uwana masu wannan sana'a a Kaduna da Kano da Abuja, mun san yawanci gwargwadon girman abin da muka sayar, gwargwadon ladan da muke samu, don haka ba mu da dalilin aljihu na hana mutum ƙara abinci a kan tsarinsa. Amma amana ce mutum ya kawo mana, sau da yawa bai taɓa zuwa ƙasar ba, maganarmu kawai yake bi. Ina roƙon mu riƙa raba masa farashi gida-gida, jirgi daban, masauki daban, tikitin shiga daban, abinci daban, mu kuma tambayi shekarun kowane yaro da abin da yake ci kafin mu danna komai. Matafiyi shi ma yana da haƙƙin ya ce a nuna masa farashin da babu abinci a ciki, a rubuce, ya tafi da shi gida su duba da uwargida kafin ya tura ko kwabo.

Na gode da wannan dama.

Daga mai karanta jaridarku,
Unguwar Rimi, Kaduna.